Sunan Kakata a Bikin Kanar

Rifkatu da Dauda, da ku jikokina waɗanda sai an mayar muku da wannan Turanci kafin ku ji shi: na san labarin da ake bayarwa a kaina a Manchester da Birmingham. Ana cewa tsohon sakataren ƙungiyar 'yan Arewa tsufa ya taɓa masa hankali, ya tashi a gaban jama'a ya kunyata dattijon da ya yi masa sutura. Kun ji wannan a ƙofar coci, kun ji a gidajen suna, ladabi ne ya hana ku tambaye ni. Aikina tun ina saurayi shi ne rubuta abin da ya faru kamar yadda ya faru, saboda haka ba zan mutu in bar muku labarin da wasu suka tsara a kaina ba. Da hankalina na yi abin da na yi, kuma da hankalina nake rubuta wannan.

Maganar ta faro ne daga kakata Zigwai, uwar mahaifina. Na tashi na same ta tsohuwa ce ƙanƙanuwa a gidanmu na gindin dutse a kudancin Kaduna, kuma ita kaɗai ce cikin tsofaffin ƙauyen take jin Hausa irin ta cikin birni. Tana yarinya mahara suka zo a lokacin girbi, mata na gona suna yankan acca, suka kwashe duk wanda bai kai kogon dutse ba. Aka kai ta gidan wani hakimi can arewa da mu, aka sauya mata suna aka ce Nagode. Ta yi daka da surfe har ta zama budurwa, sannan maigidan ya sa ta ɗaka, ta haifa masa ɗa namiji. Da aka yaye yaron aka miƙa shi ga uwargida, kamar yadda ake yi a irin gidajen, domin ya tashi da sunan ɗan 'ya mace mai asali. Bayan zuwan Turawa, da aka ce bawan da ya san garinsu yana iya tafiya, ta tafi, amma ba a ba ta ɗan ba. Ta dawo dutse, ta auri kakana, ta haifi mahaifina. Ba ta cika yin maganar ba. Ranar da zan tafi makarantar kwana ta kira ni bayan rumbu, ta faɗa mini sunan garin da sunan gidan, sannan ta ce:

"Ina da ɗa a can, Garba suka sa masa. In ka yi bokon nan ka shiga duniya, ka tambaya mini ko yana cin abinci."

Ta rasu ban tambaya mata ba, domin ban san wanda zan tambaya ba.

Yaƙin basasa ya same ni ina ƙaramin akawu, aka ɗauke ni soja, aka ba ni aikin rubuta sunayen matattu da masu rauni a rundunarmu. Wanda yake jagorantar mu shi ne Kyaftin Tanimu, wanda kuka sani da Kanar. Zan faɗi gaskiyarsa kamar yadda zan faɗi tawa: ban ga shugaba irinsa ba a yaƙin nan. Ba ya ci sai yaransa sun ci, ba ya barin mai rauni a daji, kuma na ga ranar da ya hana a taɓa fursunoni alhali ran kowa a ɓace yake. Wata rana da hantsi ya ji ni ina lallashin wani soja mai rauni da yarenmu, ya tambaye ni daga wane dutse nake. Da na faɗa masa sai ya kore masu gadinsa, ya tambaye ni ko a ƙauyenmu an taɓa yin wata mace da ta zauna a gidan hakimi. Na faɗi sunan garin, ya faɗi sunan gidan. Garba mahaifinsa ne. Ya ce kafin mahaifin ya rasu ya gaya masa cewa wadda shi Garba yake kira Inna ba ita ta haife shi ba, uwarsa 'yar dutse ce da ta tafi. Muka tsaya muna duban juna a gindin bishiyar kwakwar manja, jikokin mace ɗaya. Sai ya dafa kafaɗata ya ce:

"Iliya, kai ƙanena ne, Allah ya sani. Amma wannan tsakaninmu ne. Yanzu yaƙi ake yi."

Na yarda, domin yaƙi ake yi.

Yaƙi ya ƙare, maganar ta ci gaba da zama tsakaninmu. Shi ya riga ni zuwa Ingila bayan ya bar soja, ya zauna a unguwar Small Heath ta Birmingham, kuma shi ya tsaya mini har na zo karatu, ya ba ni ɗaki a gidansa lokacin da ban san ko yadda ake kunna hita ba. Daga baya na sami aiki a sashen ajiye takardu na kansul, wato hukumar birni, a Manchester, inda na yi har na yi ritaya, muka zauna da mahaifiyarku Saratu a fulat ɗinmu na Whalley Range. Ni da shi muka kafa ƙungiyar, shi uba, ni sakatare. Ita ce ke tsayawa in an yi mutuwa, ita ce ke tarbar sabon zuwa, kuma ita kaɗai ce wurin da Musulmi da Kirista daga Arewa suke cin tuwo a faranti ɗaya a ƙasar nan, ko a shekarun da wayar gida ba ta kawo komai sai labarin ƙone-ƙone. Hajiya matarsa ita ta yi wa Saratu zaman jego lokacin haihuwarki, Rifkatu. Naman layya yana zuwa mana a cikin kula, mu kuma shinkafar Kirsimeti tana zuwa musu. In mu biyu ne a mota, ina ce masa Yaya, yana ce mini ƙanena. Da zarar mutum na uku ya shigo, na koma Sakatare, shi kuma ranka ya daɗe. Haka muka tsufa, ban taɓa ɗaga maganar ba.

A shekarar da ya cika tamanin ƙungiya ta ce za ta yi masa biki a Birmingham. A al'adar gidajen sarauta irin nasu, ba a yabon mutum shi kaɗai, sai an jero asalinsa, wane ya haifi wane, kuma in uwa 'yar babban gida ce a kan ambace ta domin ƙarin daraja. Iyalinsa suka tsara asalin suka aiko mini, tunda ni ne mai karanta jawabi a kowane taro. A ciki an ce kakansa hakimi jarumi ne da ya ladabtar da duwatsun kudu, an kuma ce mahaifinsa Garba ɗan uwargida ne, 'yar limamin gari. Da a ce sun yi shiru a kan uwar, da na karanta na wuce, kamar yadda na saba wucewa. Amma ba shiru suka yi ba. Sun ɗauke ɗan mace sun ba wata a karo na biyu, kuma bakina suke so ya yi musu aikin.

A makon ne, Rifkatu, kika roƙe ni in raka ki tsakiyar gari, inda kike kai ɗalibanki su ga gunkin shugaban Amurkan nan da aka yi yaƙin basasa a zamaninsa a kan bauta. Na tsaya a baya ina jin ki kina faɗa wa yaran da Turanci yadda masaƙan garin nan suka sha yunwa sa'ad da audugar da bayi ke nomawa ta yanke, da yadda da yawansu suka ce sun gwammace yunwar. A bas muna komawa kika tambaye ni, ba da wata manufa ba, ko a danginmu akwai wanda aka taɓa kamawa aka ƙetare teku da shi. Na ce miki a'a, kuma gaskiya na faɗa. Tamu ba ta ƙetare teku ba. Tafiyar da aka yi da ita ba ta fi ta Manchester zuwa Birmingham nisa ba, kuma babu gunki, babu darasi, babu mai kai yara su ji.

Na hau jirgin ƙasa na je na same shi. Yana falo da bargo a gwiwa, ciwon ƙafa ya riga ya kama shi. Hajiya ta kawo mana kunun gyaɗa ta fita. Na ce masa na ga asalin, kuma akwai layin da ba zan iya karantawa ba. Ya tambaye ni wanne, alhali ya sani. Na ba shi zaɓi biyu a fili: ko a sa sunan Zigwai a inda yake nata, ko a cire maganar uwa gaba ɗaya. Ya ce ba shi ya rubuta ba, 'yan'uwansa na gida ne, kuma wasu cikinsu za su zo daga Najeriya, har da mai riƙe da sarautar gidan yanzu, wanda abokan hamayyarsa ke jira su ji an ce jinin baiwa ne. Na ce jinin baiwa ne kuwa, ni ma haka. Ya yi dariya ya ce har yanzu ban bar halin akawu ba, mai son kowace gawa ta sami lamba. Na kawo masa maganar shugaban Amurkan, na ce ga mutumin da ya jagoranci yaƙi kamarsa, amma abin da ake tuna shi da shi yau shi ne bayin da ya 'yanta. Nan ya gyara zama, domin tarihi ne abin da ya fi so a yi musu a kai.

"Wancan ƙasarsa ya je ya ɗinke, 'yancin bayi daga baya ya shigo. Ni ma ƙasa na je na ɗinke, da kai a bayana. Ka san abin da muka gani, ka rubuta shi da hannunka. Mun dawo mun faɗa wa kowa? Ba mu faɗa ba, shi ya sa ake zaune."

"Yaya, waɗancan matattun na rubuta sunansu, iyayensu sun ji. Ita fa?"

"Ta rasu, Iliya. Allah ya ji ƙanta. Me suna zai ƙara mata?"

"In ba zai ƙara mata komai ba, me zai rage maka?"

Na gaya masa a fili, kuma ina so ku riƙe wannan domin shi ne abin da masu ba da labari suke tsallakewa: na ce ya ba wani ya karanta, in kuwa aka miƙa mini abin magana, ba zan ce Garba ɗan uwargida ba ne. Ya ce ba wanda zai karanta tarihinsa sai ni, domin ni na san yaƙin. Da na miƙe zan tafi ya ce, cikin raha, wai sojansa ne ni, bai taɓa ba ni umarni na ƙi ba. Ya ɗauka akawun da ya yarda a gindin kwakwa shi ne har yau. Ba laifinsa ba ne ƙwarai, tunda ban taɓa nuna masa wani ba.

Mahaifiyarku ba ta goyi bayana ba, kuma ba zan ɓoye muku hujjarta ba domin hujja ce mai nauyi. Tana yankan kuɓewa a kicin na gaya mata, ba ta ɗago ba. Ta ce ita ma kakanta an kama shi, rabin cocinmu in an tona haka ne, ba ni kaɗai nake da tsohuwa ba. Ta ce a gida an raba unguwanni, an raba kasuwa, nan kaɗai ya rage, kuma in na fasa wannan ba ni da abin da zan ɗinke shi da shi. Ta ce in yi ciwon ƙarya ranar, in zauna a gida. Na ce in na zauna wani zai karanta, kuma ni na san abin da za a karanta.

"Baban Rifkatu, kai kana da gaskiya, ni ina da Hajiya. Wadda ta rasu ba ta san sanyin ƙasar nan ba. Ni na san shi."

Duk da haka ta guge mini babbar rigata, ta bi ni.

An yi bikin a wani zaure da aka yi haya kusa da Small Heath. An cika, manya a gaba, mata a gefe da manyan tukwane, samari da 'yan mata a baya suna duba wayoyinsu. Liman ya yi addu'a, fasto ya yi addu'a, kamar yadda muka tsara tun farkon ƙungiya. Aka miƙa mini abin magana. Na karanta yaƙinsa, na ƙara abin da ba a rubuta ba, maganar fursunonin da ya kare, har na ga ya sunkuyar da kai. Da na iso asali na karanta sunan kakansa, na tsallake maganar ladabtar da duwatsu. Sannan na ce Garba, mahaifin Kanar, ɗan Zigwai ne, wadda aka kama tana yarinya a gonar acca, aka kira ta Nagode a gidan, aka karɓe mata ɗa, kuma ita ce ta haifi mahaifina. Na faɗa da Hausa, na maimaita da Turanci saboda na baya. Ban ɗaga murya ba, ban zagi kowa ba.

Na shirya wa fushi. Na shirya a ƙwace abin maganar, ko a fitar da ni. Abin da ban shirya masa ba shi ne abin da ya faru. Wani dattijo daga cikin baƙin gida, mutum mai wayo da ya saba kashe wuta a fada, ya tafa hannu ya ce ashe yau bawan Kanar ya yi tawaye, a kawo igiya. Kun san wasan da ake yi tsakanin ƙabilu a gida, kowa na kiran ɗan'uwansa bawansa, ana dariya, ba a fushi. Cikin wannan wasan ya tura maganata. Aka fashe da dariya, Musulmi da Kirista, dariyar mutanen da aka ba su ƙofar fita. Wani ɗan cocinmu ya ce a yi masa rangwame shi zai fanshe ni. Na dubi Kanar. Kalma ɗaya ce ta rage a zauren nan, kuma a bakinsa take. Ya karɓi abin magana yana murmushi ya ce:

"Ku ƙyale Sakatare, ɗan gida ne. Tun a daji haka yake tsokanata."

Aka yi tafi, aka buɗe tukwane. Na ajiye takardar a kan tebur na koma kujerata. Na faɗi sunanta a gaban ɗaruruwan mutane, kuma kafin a gama zuba shinkafa ya zama abin ban dariya.

Dariyar a zaure ta tsaya. A taro na gaba aka gode mini da dogon aiki, aka ce lokaci ya yi da zan huta, aka naɗa sabon sakatare. Na miƙa masa komai a tsare. Waɗanda suka fi yi mini zafi 'yan cocinmu ne, waɗanda kakanninsu suka ɓuya a kogon da kakata ba ta kai ba, su ne suka ce na tono abin da ba ya ciyar da kowa. Da layya ta zo kula ba ta zo ba. Saratu ta buga wa Hajiya waya, aka gaisa, aka tambayi yara, aka ajiye. Ta sake bugawa bayan wani lokaci, aka yi haka, daga nan ta daina. Ba ta taɓa ce mini ga abin da na jawo ba. Ta dai koma zama a bakin taga da rana, ita da ba ta iya zama. Wannan shi ne kuɗin abin, kuma mafi yawansa ita ta biya, ba ni ba. Har yau ban ga inda na yi ƙarya ba, har yau kuma ban sami abin da zan ce mata ba.

Kanar bai ƙara kirana ba, ni ma ban kira ba, domin abin da nake jira ba a waya ake faɗarsa ba. Ya rasu da sanyin shekara ta gaba. A saƙon ƙungiya na gani, kamar kowa. Saratu ta ce ƙafarta ba za ta iya jirgi ba, na tafi ni kaɗai, na isa bayan an dawo daga maƙabarta.

A zaman makoki, kun sani, dangin mamaci suna zama a jere, masu zuwa gaisuwa suna bi suna ba su hannu ɗaya bayan ɗaya, sannan su koma gefe. Babban ɗansa Nasiru, wanda na riƙe a hannuna ranar sunansa, ya miƙo mini hannu domin in yi masa gaisuwa in wuce. Na riƙe hannun na ce Allah ya ji ƙansa, na kuma ce masa ni ma ɗan'uwana ne ya rasu. Sannan na cire takalmi na zauna a ƙarshen layin dangi, kusa da wani ƙanen Hajiya. Ba wanda ya tashe ni. Nasiru yaro ne mai ladabi, har ya sa aka kawo mini matashi saboda bayana. Mutane suka yi ta shigowa, mutanen da na rubuta sunayen 'ya'yansu, na raka gawawwakin iyayensu filin jirgi. Kowa zai bi layi yana cewa ya haƙuri, ya haƙuri, in ya iso ƙanen Hajiya sai hannun ya tsaya. Wasu suka ɗaga mini kai suka ce Sakatare, an zo lafiya. Wasu suka dubi bango. Na zauna har aka tashi sallar la'asar, layin ya watse, na rage ni kaɗai a kan darduma. Na sa takalmina na nufi tasha.

Da na isa Whalley Range ban kai ga sa makulli ba Saratu ta buɗe ƙofa. Ta saka baƙin ɗankwalinta na zuwa jana'iza, a cikin gida, ita kaɗai. Ta karɓi hulata, ta riƙe hannuna da hannu biyu kamar yadda ake yi wa mai rashi, ta ce:

"Sannu, Baban Rifkatu. Ya haƙurin Yaya?"